Ranar da Na Ga Kiyashi a Makewayin Inna

Har yau idan na bi ta wani lungu na ji ƙamshin gyaɗa a kasko, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ƙamshin nan ne ya cika gidanmu a safiyar da zan ba ku labarinta: sabuwar gyaɗar kaka ana juya ta cikin yashi mai zafi, ɓawonta yana fashewa ƙas-ƙas, hayaƙin kara yana ratsa zana yana fita waje. Edita, sallama gare ka da duk wanda idonsa zai sauka a kan wannan takarda. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Abu ne na daɗe ina ɗauke da shi, ya yi mini nauyi, na ga gara in sauke shi a inda wataƙila zai amfani wani.

A lokacin shekarata ashirin da ɗaya, ina aji biyu a jami'a, ina zaune a wani ɗaki a Rijiyar Zaki tare da wasu 'yan mata biyu. Ƙauyenmu yana arewacin Kano, ta wajen Makoda, irin ƙauyukan nan da inda katangar gida ta ƙare nan gona ta fara, gonar wannan tana jingine da ta wancan, idan ana daka a unguwar gaba kana jin tashin taɓarya daga tsakar gidanku. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Ba ni da surutu. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, a kan balbela, a kan inuwar ɗorawa, a kan abubuwan da ban iya faɗa da baki ba. Kakata takan ce in dai ana neman mai kallon sama a aike ni, amma kada a ba ni tukunya tsaro.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Gida ɗaya muke, amma kamar akwai rafi a tsakaninmu. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarama ni ce yarinyar nan, da na tafi makaranta na koma ta Kano. Idan tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata ta duba ko akwai wanda bai ci ba a gidan, alhali ni kaɗai ce ban ci ba. Ƙannena suna hawa cinyarta, tana yi musu kitso tana ce musu masu kan gwanda, ni kuwa ina gefe da littafina ina yi kamar karatu nake. Duk hirarta da dariyarta ta ajiye wa ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo, da take zuwa daga ƙauyen gaba duk Juma'a su mulmula ƙuli-ƙuli tare. Na san ba ƙi ba ne. Duk ranar da zan koma makaranta sai in tarar da ƙullin ƙuli da kwalbar man gyaɗa a ƙasan jakata, ba wanda zai ce shi ya sa. Amma sani daban, ƙishirwa daban. Na girma ina jiran rana ɗaya da za ta dube ni ido cikin ido.

Ciwon sukari ya kama Inna tun ina sakandare, kuma kakata ce ta fara ganowa. A wajenmu kiyashi ne likitan farko. Idan aka ga sun yi layi a kan tsakuwar makewayi bayan mutum ya fito, to an san abin da ake ciki tun kafin a je asibiti. Haka aka gani, aka kai ta wani ɗan asibiti mai zaman kansa a wani gari kusa da mu, wurin wani dattijon likita mai furfura da carbi a aljihu, wanda ya san Baba tun suna samari. Ya ɗora ta a kan ƙwayoyi biyu, babba da ƙarama. Kiyashi suka ɗauke, muka gode wa Allah, shekaru suka wuce. Sai daga baya ƙafafunta suka fara kumbura, da safe fuskarta ta yi fulu-fulu, juya kasko ɗaya sai ta zauna ta huta. Baba ya ce tunda Allah ya ba mu ɗaliba a birni, in kai ta babban asibiti a duba ta sosai. Ranar da ya faɗi haka ban iya cin abinci ba don murna. Tafiya ce ni da Inna, mu biyu rak, abin da bai taɓa faruwa ba.

A Kano, bayan gwaje-gwaje da dogon layi, aka shigar da mu wurin wata likita mace, ƙwararriya a kan ciwon sukari, mai gilashi da yawan fara'a. Ta fara tambayar Inna a kan fitsari, ko yana kumfa, sau nawa take zagawa, ko akwai ƙaiƙayi. Inna ta sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da babban yatsan ƙafarta, ko uffan. Likitar ta dube ta, ta dube ni, sai ta tambaya ko ni ce ta fari. Da na ce e, ta yi dariya ta ce ita ma mahaifiyarta haka take, har yau sai dai ta kira ta mai allura. Ta ce in ɗan fita in sha iska su yi maganarsu ta manya. Na fita na zauna a gindin wata darbejiya, na ciro littafina na rubuta baiti shida a kan farin mayafin Inna. Da aka kira ni, likitar ta miƙo mini takarda ta ce ƙodar Inna ta fara gajiya, don haka ta cire ƙaramar ƙwayar nan ta sa wani sabon magani wanda ban da rage sukari yana kare ƙoda da zuciya. Ta ce a sha ruwa sosai, mu dawo bayan wata uku, kada a daina sai an tambaye ta. Mutane suna ta leƙowa daga ƙofa. Ban tambaye ta komai ba, ina so a ga kamar na gane duka. A mota na tambayi Inna me suka tattauna da na fita. Ta juya wajen taga, ta faɗa wa tagar cewa an ce a riƙa shan ruwa.

Wata biyu ina makaranta, Baba yana bugo waya yana cewa sai godiya, kumburi ya saɓe, har ta koma sana'arta. Da aka yi hutu na dawo gida, kaka ta yi, ko'ina an baza gyaɗa a rana. Amma idona ya fara tsinto wasu abubuwa. Inna ta ɗan faɗa, zaninta yana zagaye ta fiye da da. Buta ba ta nisa da hannunta, kafin a yi sallah ɗaya ta sake alwala sau biyu. Na tuna haka ciwon ya fara tun farko, rama da yawan zagawa. Amma ta yaya zan tambaye ta? Ba mu da kalmomin irin wannan magana a tsakaninmu.

Safiyar nan tana suyar gyaɗa sai ta bar wa ƙanwata kaskon, ta ɗauki buta ta zagaya. Da ta fito na shiga da bokitina zan yi wanka. A nan na gan su. Layi biyu suka yi daga gindin zana, jajaye ƙanana, sun rufe tsakuwar har ba a ganin farinta, wasu suna zuwa wasu suna komawa kamar ranar kasuwa. Ko lokacin da ciwon ya fara ban ga sun kai haka ba. Na sheƙa musu ruwa, kafin in gama wanka sun sake haɗa layi. Tsoro ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya zan faɗe ta duka: a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da daɗi. Ga aiki ya samu wanda ni kaɗai na gani, ni kaɗai zan iya yi mata. Na ce a raina yau zan ceci Inna, kuma za ta san ni ce.

Na sami Baba a zaure yana gyaran buhu na gaya masa sabon maganin nan bai karɓe ta ba, ciwon ya dawo ya fi na da. Ya ce ko mu koma wurin waccan likitar ta Kano tunda ita ta rubuta. Na ce Kano da nisa, ga layi, ga ranar da aka ba mu ba ta yi ba, alhali ga likitanmu nan kusa wanda ya san jikinta shekara da shekaru. Ya ce to, ni ce mai karatu, abin da na gani shi za a yi. Da aka aika ƙanwata ta gaya wa Inna ta shirya, ta ce ita lafiyarta ƙalau, wa zai bar gyaɗa a wuta ya tafi neman ciwon da bai kira shi ba. Sai da Baba ya leƙo da kansa sannan ta sauke kaskon, ta ɗauko mayafi.

Dattijon likitan ya karɓe mu da wasa kamar kullum. Ya kira Inna sarauniyar ƙuli, ya ce shekara nawa yana jiran rabonsa, ko sai haƙoransa sun gama zuba za a kawo. Ni kuma ya ce a ba Farfesa kujera. Aka soki yatsan Inna aka gwada jini, na'urar ta nuna sukarin bai hau ba. Ya ɗan yamutsa fuska. Sai ya sa aka kawo fitsari aka tsoma ɗan tsinken takardar nan mai sauya launi, nan take ya rine har ƙarshe. Ya ce wannan na'urar ta jini ta fara tsufa, wani lokaci tana ƙarya, amma fitsari ba ya ƙarya. Na miƙa masa kwalin sabon maganin. Ya juya shi gaba da baya, ya sa gilashi ya cire. Ya ce ya ji labarinsa, amma shi bai taɓa rubuta wa kowa ba. Ya ce yaran likitocin birni duk abin da aka kawo sabo sai su ɗora wa mutane, ba sa tunanin mai noma da ke yini a rana, ba sa tunanin ko zai iya ci gaba da saye. Shi kuwa shekara talatin ke nan yana riƙe da masu sukari da ƙwayoyinsa biyu, ya san halinsu kamar yadda ya san halin 'ya'yansa.

Sannan ya juya ga Inna ya tambaye ta ita yaya take ji a jikinta. Wannan wurin ne nake komawa kullum. Inna ta ɗago kai kaɗan, ta ce ita dai da sauƙi, likita, ai ita waccan likitar ta ce... Ban bari ta ƙarasa ba. Na katse ta, kuma da Turanci na katse ta, harshen da ba ta ji. Na jero masa ramar, da yawan zagawar, da kiyashin da na gani da idona, na ce irin mutanenmu ba sa faɗin ciwo sai ya kayar da su. Ina magana ina jin daɗin muryata. Ya yi ta gyaɗa kai, da na gama ya ce wa Inna ta gode wa Allah, ta haifi likita ba ta sani ba. Ya ture kwalin gefe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya soke sabon, ya mayar da ƙaramar ƙwayar, har ya ƙara mata yawa. Na saci kallon Inna in ga ko ta ji yabon da aka yi mini. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ba ta ƙara cewa komai ba.

A hanyar komawa babur ɗaya muka hau, ni a tsakiya ita a bayana. Da muka zo wani kwazazzabo babur ya yi tsalle, sai na ji hannunta ya kama ƙuguna, kuma ko da hanya ta miƙe ba ta saki ba har ƙofar gida. Hannun yana ƙamshin gyaɗa. A iya tunawata wannan ne karo na farko da ta riƙe ni. Na ɗauka godiya ce. Kafin mako ya zagayo kiyashi suka ɗauke ƙaf, na shiga makewayi na ga tsakuwa fari tas, na rubuta waƙa a kan rundunar da na kora. Takardar da aka rubuta mana ranar komawa Kano kuwa, ita na mayar alamar shafi a littafin waƙoƙina. Ranar ta zo ta wuce ina ɗakin jarrabawa.

Abin bai zo da gaggawa ba, shi ya sa ba wanda ya farga. Kumburin ya dawo a hankali, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Dattijon ya ƙara mata maganin da zai rage ruwa, kumburin ya sauka, ya sake dawowa. Shekara ta farko tana suya tana hutawa. Ta biyu sai ta zauna a kan tabarma tana nuna wa ƙanwata yadda za ta juya. Daga nan kaskon ya koma bayan ɗaki aka kife shi, gidanmu ya daina ƙamshi. Na gama jami'a, na dawo da takardar shaidata na ajiye a gabanta, ta shafa ta da tafin hannu ta ce wa Yafendo ashe takardar ma mai kauri ce. Wata rana da azahar muka sami Inna a tsakar gida zaune, gumi ya jiƙa ta, tana kallonmu ba ta gane mu ba. Muka ɗauke ta sai Kano. Aka ce sukarinta ne ya faɗi ƙasa warwas, saboda ƙodar ta kasa fitar da ƙaramar ƙwayar nan daga jiki. Aka tura mu sashen masu ciwon ƙoda.

Likitan da ya karɓe mu a can wani saurayi ne mai sanyin murya. Ya buɗe tsohon fayil ɗin Inna ya ga abin da aka rubuta kusan shekara uku baya, ya fito da ni baranda ya tambaye ni me ya sa aka daina wancan maganin. Na ba shi labarin kiyashi, har lokacin da sauran ƙarfin gwiwata. Sai ya mayar da bironsa aljihu. Ya ce 'yar'uwa, ai aikin maganin ke nan. Ya ce shi wannan magani hanya yake buɗe wa sukari ya fita ta fitsari maimakon ya zauna a jini, kuma ta haka yake sauke wa ƙoda nauyi. Duk mai shan sa dole a ga sukari a fitsarinsa, dole ya ɗan yawaita zagawa, yakan kuma ɗan faɗa. Na'urar jinin nan da aka ce ta tsufa, ita ce ta faɗi gaskiya a ranar. Na tambaye shi, da ba a daina ba, da ba mu zo nan ba? Ya ce ba zai yi mini ƙarya ta kowane ɓangare ba. Wataƙila da an ja lokaci, wataƙila shekaru, wataƙila kaɗan, Allah ne masani. Ya ce kada in tsani dattijon. Akwai manyan likitoci a karkara da suka yi karatu tun kafin a san irin waɗannan magunguna, ba wanda ya kira su ya koya musu. Wasu sun sani amma suna tsoro don ba su da wurin gwajin da za su bi lafiyar ƙodar mutum. Wasu kuma sun yanke wa mutumin ƙauye hukunci tun kafin su tambaye shi.

Wata bakwai muka yi muna zuwa wankin ƙoda. Ciwo ya rushe wani abu daga katangar da ke tsakaninmu, ba don mun so ba. Ni nake yi mata wanka, ni nake shafa mata man gyaɗa a ƙafafun da suka yi sulɓi don kumburi. Tana kawar da kai, amma ba ta janye ƙafar. Sau ɗaya na tattara ƙarfina na ce Inna ki yafe mini, ni na sa aka daina maganin nan. Ta juya fuska wajen bango ta ce ruwan nan zai huce, a gama a zubar. Ta rasu wata Laraba da hantsi, cikin damina, gyaɗa ta yi fure rawaya a duk gonakin da suka kewaye gidanmu. Har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba.

Dattijon likitan ya zo ta'aziyya ya zauna a zaure tare da Baba. Bayan kusan shekara na haɗu da shi a wani ɗaurin aure, shi ya aiko a kira ni. Ya ce an kira su wani taron ƙara wa juna sani a birni, an yi musu bayanin sababbin magungunan nan, yana zaune a wurin kiyashin Inna suka faɗo masa a rai har ya kasa cin abincin da aka raba. Ya ce yanzu yana rubuta maganin ga wanda ya dace. Ya ce rashin sanin bai fi ci masa rai ba, abin da ya fi shi ne a ranar ya ji kunyar ya ce bai sani ba a gaban 'yar jami'a da ke yi masa Turanci. Na ce Baba likita, ni ma don a ce na sani na yi Turancin. A cikin gida ana ta guɗa. Daga ranar na sauke fushinsa. Wadda na ci gaba da riƙewa a zuciya ita ce likitar nan mai gilashi. Na yi ta cewa da ta buɗe baki ta gaya mana za a ga kiyashi, da duk wannan bai faru ba.

Ga abin da nake so in bar wa masu karatu. Ku da kuke raka iyayenku asibiti don kun yi boko, aikinku ku zama kunne kafin ku zama baki. Idan an ba da sabon magani ku tambaya me zai canza a jiki, wace alama ce ta aiki, wace ce ta haɗari, ko da layi ya kai bakin titi. Idan kunya ta fitar da ku daga ɗakin, ku koma ku tambayi likita abin da ya kamata ku sani, ko ku tafi da wadda mahaifiyarku za ta iya buɗe baki a gabanta. Kada a daina magani sai an koma wurin wanda ya rubuta shi. Ku kuma likitocinmu, musamman na karkara da muke ganin girmanku kamar iyaye, kalmar ban sani ba, bari in tambaya, ba ta rage wa kowa furfura. Tsohuwar zuma tana da ranarta, amma ilimi bai tsaya ranar da aka ba ku takarda ba. Kuma idan kun tambayi marar lafiya yadda yake ji, ku jira shi ya ƙarasa, ko da ɗansa farfesa ne.

Bara da kaka, shekara huɗu bayan rasuwar Inna, Yafendo ta zo gidanmu ta ce a ɗauko kaskon nan daga bayan ɗaki, zunubi ne a bar shi yana tsatsa. Muna ɓarar gyaɗa mu biyu na sake maimaita ƙorafina a kan likitar Kano. Yafendo ta ajiye faifai ta ce in daina ɗaukar alhakin baiwar Allah. Ta ce likitar ta yi wa Inna bayani tas a ranar da na fita gindin darbejiya, har ta ce mata idan ta ga kiyashi kada ta tsorata, ta yi musu sannu da aiki. Inna da kanta ta ba ta labari, Juma'ar da ta biyo bayan zuwanmu wurin dattijon, ta kuma sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Yafendo ta ce ta yi mata faɗa, ta ce don me ba ta yi magana ba. Inna ta ce da wane baki za ta yi zancen fitsarinta a gaban 'yar fari. Ta ce kuma yarinyar ta tsaya gaban babban likita tana zuba Turanci saboda ita, likita yana gyaɗa kai, ita ba za ta zama wadda za ta ƙaryata ta a gaban mutane ba, ko me zai biyo baya. Na ce wa Yafendo haka ta ce, yarinyar? Yafendo ta share ido da gefen zaninta. Ta ce a'a, ita ce ta gyara maganar. Ranar Inna sunana ta kama, cikakke, har sau biyu.